Kada Ki Tafi Lokoja da Makullai a Ka

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin sanyin zuciya, don lafiyar jiki kam na gan ki da ita ɗazu kina shanya kaya a tsakar gida. Allah Ya tsare ki, Ya tsare hanyar da za ki bi ran Litinin.

Na san za ki yi dariya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina aiko miki wasiƙa ta hannun Ummanki kamar wanda ke zaune a Ikko. To ya zan yi? Ke ce ta fari, ga kuma sunan mahaifiyata a kanki. Kunya biyu ta haɗu mini wuri ɗaya. In na zauna gabanki, iyakata in ce "ya aiki?", ki ce "alhamdu lillahi, Baba", shi ke nan magana ta mutu. Wannan kuwa ba na so ta mutu. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi, sauran a jikin kwalayen kayan gyara na koya. Inda na karkace, ki miƙe da kanki.

Shekaranjiya na ji abin da kika gaya wa Ummanki a kicin. Ba laɓe na yi ba, alwala nake a bakin famfo. Kika ce, "Umma, wallahi ba wanda zan nuna wa komai. Tunda sun ce ba na aiki, bari in tafi su gani. Makullan duk suna kaina, da su zan wuce Lokoja. Ba za a daɗe ba za su kira ni suna roƙo." Ummanki ta ce Allah Ya huci zuciyarki. Ni kuma na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare ban wanke ƙafa ba.

Bari in faɗi abin yadda na fahimce shi, in na yi kuskure ki gyara mini. A ma'aikatarku akwai ɗakin nan na manyan na'urori da kuke kira saba, wanda duk kwamfutocin gidan ke sha daga gare shi, kuma ke ce mai kula da shi. Iyakwandishan ɗin ɗakin ya daɗe yana tari. Kin rubuta a gyara, kin sake rubutawa, aka ce ki jira. Sai ranar da manyan baƙi suka zo, zafi ya yi yawa, na'urorin suka ɗauke, aiki ya tsaya cak. Kika duƙufa har kika tashe su, ko takarda ɗaya ba ta ɓata ba, saboda kin saba ajiye kwafin komai a wani wuri ba tare da an sa ki ba. Amma Darakta ya tsaya gaban baƙi ya ce yaran zamani ba su san aiki ba. Bayan haka aka ce an mai da ke sabon ofishin Lokoja. Su sun ce ƙarin girma ne, tunda can ke ce shugabar sashe. Ke kin ce kora ce aka sa wa riga. Kuma lambobin sirrin nan da kuke kira fasawod, da duk dabarun tashin ɗakin in ya faɗi, ba mai su sai ke, su ne makullan da kike nufi.

Ba zan ce ba a zalunce ki ba. An zalunce ki.

Sau ɗaya na taɓa shiga wurin aikinki, ranar da kika bar katin wuyanki a gida na bi ki da shi. Mai gadi ya ce, "Baba, wa kake nema?" Na rasa yadda zan yi da sunanki, sai na ce 'yata, mai kula da kwamfuta. Ya ce, "Au, Injiniya! Ai da ka faɗa tun farko." Uwata, da a ce rigata ƙarama ce da ta yage a ƙirji.

Kika kai ni ɗakin. Ƙofa ba makulli, sai da kika dangwala yatsa ta buɗe. Sanyi ya buge ni, na ga ƙasa tas, sai na tuɓe takalmi. Kika ce, "Baba, sa abinka, ba a cirewa." Na ce ai ko ɗakin amarya bai kai nan tsabta ba, ba zan taka da ƙurar Kubwa ba. Ga akwatuna baƙaƙe sun fi ni tsawo, ga ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa, ga wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na ce ina sauran ma'aikatan? Kika ce, "Ni ce." Na ce to me ke ciki? Kika ce albashin mutane, da takardun ofis, da wasiƙun su Darakta. Na leƙa ta bayan akwatin ko zan ga kuɗi, ban ga komai ba sai wayoyi kamar saiwar gamji. Har yau ban gane ba, kuma na daina wahalar da kaina. Abin da na gane shi ne, gida mai hawa da yawa, cike da masu manyan riguna da masu kwat, duk a kan wuyan yarinyar da na goya a kekena yake tsaye.

Ina nan tsaye wayarki ba ta huta ba. Wannan ya manta lambarsa. Wancan yana so ki zo ki duba wayar matarsa. Sai wani babba ya kira yana faɗa, har ni ina jin muryarsa, wai firintarsa ta mutu kuma laifinki ne. Kika ce, "Ranka ya daɗe, a duba ko an kunna ta a bango." Aka je aka duba. Can kika ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, a huta lafiya." Kika dube ni, na dube ki, kowa ya haɗiye dariyarsa. A nan na san ashe sana'armu ɗaya, ke dai taki tana cikin sanyi. A motar komawa na ba wanda ke kusa da ni labarinki tun daga sakatariya har gadar Kubwa, sai da zan sauka na ga ashe barci yake.

Tunda sana'ar ɗaya ce, bari in gaya miki inda na faɗi, ko kya tsallake.

Na zo Abuja shekarar da soja suka koma bariki. Na bar ku a ƙauye ke da Ummanki. Na sauka da jakata, na ga titi faɗinsa ya kai gonar babana, motoci ba sa tsayawa, ba mai ce maka sannu. Na daɗe a bakin titin nan ban san yadda ake tsallakawa ba, sai da wata mai sayar da ayaba ta ja hannuna kamar makaho. Ko'ina gini ake, kuɗi na yawo. Na yi leburanci, daga baya Allah Ya haɗa ni da aikin kula da janareta a wani rukunin gidaje na manyan ma'aikata. Wani tsohon makanike ya nuna mini kan abin kafin ya koma garinsu. Manajan wurin Oga Fidelis ake ce masa, mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba.

Kuskurena na farko shi ne shiru. Kullum sai na duba mai, na duba ruwan lagireto, na taɓa bel, in na ji wani ƙara da ban yarda da shi ba in bi shi tun yana ƙarami. Saboda haka injin bai taɓa ba mu kunya ba. In an ɗauke wuta, kafin madam ta gama tsaki na kawo tawa. To amma duk lokacin da Oga Fidelis zai wuce, a kan benci yake ganina. Ya ce, "Idi, kai aikinka zama ne?" In ce, "Lafiya lau ne, oga." A tunanina amsa ce mai kyau. Ƙarshen shekara aka yaba wa mai ban ruwan fulawa, don fulawa ana ganinta. Aka yi wa mai gyaran famfo kyauta, don bututu ya fashe gaban kowa ya shiga ruwa ya ɗaure. Ni kuwa aka ce tunda ba ni da abin yi, a ƙara mini wankin motoci.

Irin aikinmu, Uwata, ba a ganinsa sai ranar da ya lalace. Ke kin fi ni, don kin rubuta. Amma takarda tana kwana a tire, ba ta da baki. In kin je Lokoja, kada ki jira sai abu ya ɓaci a san da ke. Ki riƙa shiga wurin oganki da ƙafarki, ki gaya masa abin da kika tare, kuma da yarensa, ba da naku ba. In kin ce masa saba ta yi zafi, zai ce ki ba ta ruwa. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, akwai abin da zai hana albashi fita wannan wata in ba a gyara ba." Za ki ga ya ajiye jarida. Wannan ba fahariya ba ce. Ko kaza in ta yi ƙwai sai ta sanar.

Na biyu, ban iya cewa a'a ba. Tunda an ga ina riƙe sifana, na zama na kowa. Gyaran dutsen guga, Idi. Keken yaro, Idi. Kaza ta tsere, Idi. Ni kuma daɗi nake ji, ina ganin ƙauna ce. Wata rana gab da babbar Salla wani Alhaji na gidan farko ya aike ni kasuwar Karshi in sayo masa rago, wai can ya fi araha kuma ni ɗan ƙauye ne, ba za a cuce ni ba. Na tafi tun safe. Ashe ina fita aka ɗauke wuta. Na dawo da la'asar ina jan rago, na tarar da mutane tsaye a waje suna fifita da jarida, naman firji ya fara magana. Wa kike jin ya fi kowa ɗaga murya? Alhajin nan. Na ce, "Alhaji, ai kai ka aike ni." Ya ce, "Na aike ka ka sayo rago, na aike ka ka dafa mu?" Ya karɓi igiyar ragonsa ya shige, ko sannu babu.

Don haka in babba ya ce ki bar ɗakinki ki je gyaran wayar Hajiya, kada ki yi gardama, kada kuma ki tashi sumui-sumui. Ki ce, "Ranka ya daɗe, in na tafi ba kowa a ɗakin na'ura. Ka yarda in tafi?" Ki ɗora masa kayan a kansa. Yawancinsu in sun ji nauyi sai su ce bari sai an tashi.

Na ukun shi ne dalilin takardar nan. Waɗancan biyun na faɗe su ne don hannuna ya saba da biro.

Injin nan tsoho ne, yana da hali. Ba ya tashi da murɗa makulli kawai. Iska takan shiga hanyar mai, sai ka sassauta wani noti, ka yi ta danna ɗan famfon hannu har dizal ya fito ba kumfa, ka ɗaure, sannan akwai wani ƙarfe ta baya da za ka riƙe da hannun hagu lokacin da kake murɗawa da dama, ka sake shi daidai lokacin da muryar injin ta canja. In ka sake da wuri ya mutu, in ka makara ya shaƙe. Ba a rubuce yake ko'ina ba. A hannuna yake da kunnena.

Sai Oga Fidelis ya kawo wani mutum, Ayuba, magidanci ne mai 'ya'ya, ya ce in koya masa don mu zama biyu. Abokaina na wurin mai shayi suka ce, "Idi, kai wawa ne? Abuja ce fa. Ka koya masa yau, gobe a ce ka tafi, shi ya fi araha." Na ji tsoro, don lokacin nake shirin ɗauko ku. Sai na koya wa Ayuba shara da goge inji da zuba mai. In an ɗauke wuta sai in ce ya je ya duba ko an kashe fitilun waje, kafin ya dawo na tayar. Ya kan ce, "Malam Idi, yau dai bari in gani." In ce gobe. Oga ya riƙa cewa, "Ba Idi, ba wuta." Ni kuma ina jin kaina kamar gwamna.

Ban lura ba sai da Salla ta zo, kowa ya tafi gida ban da ni. Wata ta sake zuwa, haka. Wani kamfani ya nemi mai kula da sababbin injina, aiki mai kyau, Oga ya ce ba zai sake ni ba, wa zai tayar masa? Duk ban farka ba.

Sai ranar da saƙo ya zo daga gida cewa Inna, mai sunanki, ba lafiya, tana kirana. Na je wurin Oga. Bai hana ni ba, Allah Ya sani. Ya ce, "Tafi, mama ce. Amma bari Ayuba ya tayar a gabana, don akwai tsohon da ke gida na ƙarshe, maganinsa a firji yake." Muka je. Ayuba ya murɗa, inji ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, haka. Oga ya dube ni ya ce, "Duk watannin nan me ka koya masa?" Ayuba bai tona ni ba, ya sunkuyar da kai kawai.

Na ce yanzu zan koya masa. To abin da hannu ya daɗe yana sha ba a ɗura wa mutum shi a yini ɗaya. Ga ni a gigice, ina yi masa tsawa, da ya ɗan kuskure sai in fizge sifana in yi da kaina. Da na fizge kuwa, ai ni na tayar, ba shi ba. Haka muka ci kwanaki. Za ki ce me ya hana ni in ajiye aikin in kama hanya? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Tsoro ne, da tunanin ai Inna ta saba tashi daga ciwo. Ranar da Ayuba ya tayar shi kaɗai na hau mota. Da na sauka a bakin kasuwa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu da mutane zaune. Ba wanda ya gaya mini komai, ba sai an gaya mini ba. Ke kina ƙarama, kika rugo kika riƙe ƙafata kina cewa Baba ya zo da tsaraba.

Ba wanda ya ɗaure ni, Uwata. Ni na ɗauko igiya na ɗaure injin a ƙuguna don kada a ƙwace mini, ban tuna igiya baki biyu gare ta ba.

Yanzu ki duba naki. Kin ce za su kira ki suna roƙo. Gaskiya ne, za su kira. Ran farko za ki ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma za su kira ki kina salla, su kira ki kina gaban sabon oganki, su kira ki ranar bikinki. Jikinki na Lokoja, wuyanki na nan. Sabon ofishin da aka ba ki, wanda za ki gina tun daga tushe yadda kike so, da wane hannun za ki gina shi? Kuma ranar da abin ya faɗi da gaske ba za a ce Darakta bai gyara iyakwandishan ba. Za a ce yarinyar nan ta tafi da makullai. Maganar da ya faɗa gaban baƙi ƙarya ce yau. Kada ki mayar masa da ita gaskiya da hannunki.

Akwai kuma abin da ba ki sani ba. Jiya da hantsi wani dattijo ya zo rumfata da ƙaramin janareta a bayan ɗan acaba, da ledar lemo a hannu. Ya ce a duba masa. Na ja igiya sau ɗaya ya tashi, muryarsa garau. Na ce, "Malam, ai lafiyarsa ƙalau." Ya ce, "Na sani. Ni ne ba lafiya." Ya zauna kan bencina ya cire hula. Ya ce shi ne Malam Tanko, wanda aka ce ya karɓi ɗakinki.

Na san sunan, don na sha jin ki kina ba Ummanki labarinsa. Shi ne mai kiranki 'yar waya, shi ne ya taɓa aikenki ki haɗo masa shayi gaban baƙi. Na ce, "Au, kai ne mai shayin?" Ya rufe fuska da hula ya ce, "Baban Injiniya, a rufa asiri. Bakin nan nawa shi zai kai ni." Na ce ai ya riga ya kawo ka, ga ka a Kubwa.

Ya ce shi da tafireta ya fara aiki. Da kwamfuta ta zo aka tura su kwas na ɗan lokaci, aka ba su takarda, shi ke nan sunansa ya shiga sashenku. Ya iya haɗa waya, ya iya canja tawadar firinta, amma ɗakin nan ko shiga ya yi gabansa faɗuwa yake. Ya gaya wa Darakta, Darakta ya ce ai ba wani abu ba ne, yarinya ma ta yi. Malam Tanko ya ce, "Yarinya! Wallahi Baban Injiniya, mu goma ba mu kai ta ba. Na sani tun tuni, girman kai ne ya hana ni faɗa." Saura kaɗan ya yi ritaya. In abin ya faɗi a hannunsa, takardar tuhuma ce, kuma yana tsoron ta taɓa masa fansho. Ya ce ya zo wurinki sau biyu, kin ce masa komai na cikin na'ura, ya tambaye ta.

Na so in yi dariya, don amsar ta yi daidai da shi. Amma ina kallon yadda ya sunkuyar da kai, sai na ga Ayuba. Dutsen da kika ɗauka don Darakta, Uwata, ba zai kai hawa na sama ba. A kan wannan tsohon zai sauka, da masinjoji da masu shara da ke jiran albashi.

Ban ce ki yafe wa kowa ba, wannan tsakaninki da zuciyarki ne. Abin da nake roƙo, ki miƙa aikin yadda mai sana'a ke miƙawa. Kuma ba a takarda kawai ba. Ki zaunar da shi a kujerarki. Ki kashe abin da ake iya kashewa, ki ce ya tayar. Zai yi kuskure, zai yi gumi cikin sanyin nan, ranki zai ɓaci, hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ki zauna a kan hannuwanki. Kada ki fizge sifana. Ba zai zama ke ba, ba wanda zai zama ke, amma ya san inda zai taɓa da inda ba zai taɓa ba, da wanda zai kira in abin ya fi ƙarfinsa. Sannan ki shiga wurin Darakta ki ce kin miƙa komai, iyakwandishan dai har yanzu yana nan yadda yake, ki yi masa sallama ki fito. Daga nan duk abin da ya faru ba da sunanki ba.

In kin isa Lokoja kuma, tun makon farko ki nemi wanda za ki koya wa, ko ba a ba ki ba. Kada ki saurari 'yan wurin mai shayi, kowane ofis yana da su. Wanda ya koyar ba ya rasa wurin zama. Ayuba yau yana da shagonsa a Karshi, kuma rabin masu kawo mini gyara shi ke turo su.

Malam Tanko ya ce gobe Asabar zai je ofis da safe ya zauna a bakin get, ko kin zo ko ba ki zo ba. Na ce masa ban yi alkawari ba, don 'yata ba yarinya ba ce, injiniya ce, ba a jan ta da igiya. Ya bar lemon, yana wurin Ummanki, ki sha ko ba ki je ba, lemo bai yi laifi ba.

Ni dai na gaya wa masu gyara gobe ba na buɗe rumfa. Bayan karin kumallo zan sa hulata in zauna a dakalin ƙofar gida. In kin fito da jakar aikinki, sai mu taka zuwa bakin titi mu hau mota tare, in zauna wurin mai gadi har ku gama, ko da za ku kai magariba. In kuma ba ki fito ba, zan ce iska na fito sha, ba zan tayar da maganar ba har abada, kuma ran Litinin ni zan ɗauki akwatinki zuwa tasha kamar yadda na yi niyya.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya kai ki Lokoja lafiya, Ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin baki. Ya haɗa ki da shugabanni masu jin magana da abokan aiki masu amana. Ki gai da Goggonki ta Lokoja da maigidanta, ki riƙe salla a kan lokaci ko wayar na ƙara. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya sa ki fi ni dabara kamar yadda kika fi ni karatu.

Wassalam.

Babanki,
Idi mai janareta, Kubwa.